Batirin keken lantarki yana tsufa ko ba a hau shi ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana da masu keken lantarki da masu shirin saye har ma da masu sayarwa, don abin nan ya daɗe yana damuna. Kullum ƙorafin ɗaya ne, mutum zai ce maka lokacin da ya sayi keken caji ɗaya yana kai shi kilomita 50 ko 60 hankali kwance, yanzu kuwa ko 35 da ƙyar yake kaiwa, shi kenan sai ya yanke hukunci an cuce shi an haɗa shi da jabu. To wani lokacin da gaske an cuce shi ɗin, wannan ban musa ba. Amma sau da yawa batirin nagari ne tsufa kawai ya yi, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba a kan titi ya tsufa ba, a ajiye ya tsufa, a daidai lokacin da mai shi yake ganin ai lallaɓa shi yake yi.

Batiri irin wannan hanya biyu yake bi ya tsufa. Akwai tsufan aiki, wato ka yi caji ka hau ya sauka ka sake caji, wannan kowa ya san da shi. Sai kuma tsufan zama, wanda yake tafiya dare da rana ko keken yana jingine a bango ba wanda ya taɓa shi, kuma shi wannan tun ranar da aka ƙera batirin a masana'anta yake farawa ba ranar da ka biya kuɗi ka kawo shi gida ba. Shi ne ba a faɗa wa mutane, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan tawa.

Bari in ɗan buɗe cikin batirin tukuna don maganar ta zauna. Yawancin kekunan lantarki na yanzu batirin litiyam ne a jikinsu, irin dai na waya da kwamfuta, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa tun 1991, ka ga ke nan halinsa ba baƙo ba ne, an fi shekara 30 ana nazarinsa. In ka buɗe akwatin nan mai tsawo ba batiri ɗaya za ka gani ba, ƙananan ƙwayoyi ne da yawa aka jera aka haɗa, galibi masu siffar bututu da ake kira 18650 saboda faɗinsu milimita 18 ne tsawonsu 65, ko kuma 'yan manyansu 21700. Kowace ƙwaya in ta cika tana kai bolt 4.2, in ta sauka kusa da bolt 3 ta ƙare ke nan. Batirin da aka rubuta masa bolt 36 jeri 10 ne a ciki shi ya sa in ya cika mita take nuna 42, mai 48 kuma jeri 13 ne yana cika a 54.6. Wutar da zai iya ɗauka kuma lissafinta ba wuya, ka ninka bolt ɗin da lambar Ah da ke rubuce a jiki, wato ma'aunin girman mazubin batirin, misali 36 sau 14 zai ba ka 504, to a ce keken yana shan 10 daga cikin wannan a kowane kilomita ka ga tafiyar kilomita 50 ke nan. Ranar da batirin ya koma yana riƙe kashi 80 cikin 100 na abin da yake riƙewa da, kilomita 40 ce ta rage maka, kuma ba abin da zai nuna maka a waje, allon zai ci gaba da ce maka ya cika taf, don cikar ya cika ɗin, mazubin ne ya ragu.

Tsufan aiki ba zan daɗe a kansa ba. Masu ƙerawa galibi suna cewa batiri mai kyau zai yi zagayen caji 500 zuwa 1000 kafin raguwar ta fito fili, kuma zagaye ɗaya ba wai duk lokacin da ka jona caja ba ne, sai ka sha wutar da ta kai cikar batirin gaba ɗaya, in yau ka sha rabi ka cika gobe ka sha rabi ka cika to zagaye ɗaya ka yi ba biyu ba. Saboda haka masu tsoron yawan sa caji su kwantar da hankalinsu, ƙara masa wuta kaɗan kaɗan ya fi masa daɗi a kan a bari sai ya mutu murus sannan a jona.

Tsufan zama kuwa ga yadda yake. A cikin kowace ƙwaya akwai ɓangaren da aka yi da girafait, irin baƙin nan na cikin fensir, nan litiyam ɗin yake taruwa in an yi caji. Ruwan sinadarin da ke cikin ƙwayar yana taɓa wannan ɓangare, sai wata siririyar fata ta fito a kansa, fatar nan tana da amfani don ita ke kare shi, matsalar ita ce ba ta daina kauri, kullum tana ɗan ƙaruwa kuma da litiyam ɗin da ya kamata ya tura keken take gina kanta, wanda duk ta cinye ya tafi ke nan ba caja ko mai gyaran da zai dawo da shi. Ba yadda za a yi a tsayar da wannan gaba ɗaya, amma abubuwa biyu ne suke sa shi gudu, zafi da kuma barin batiri a cike, kuma duka biyun a hannun mai keken suke.

Zafi dai shi ne babban abokin gaba. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin irin waɗannan sauye-sauye, to ka auna batirin da ke zaune a wuri mai digiri 20 da wanda ke zaune a digiri 40, shekararsu ɗaya a lissafin kalanda amma ba ɗaya ba ce a jikinsu. Ka tsaya ka duba yadda ake ajiye kekuna, za ka ga an jingine shi a fili rana tana dukansa tun safe, akwatin batirin kuma baƙi ne yana zuƙar zafi, ka ɗora tafin hannunka a kai da azahar sai ka janye da sauri, to in waje ya yi haka ina ga ƙwayoyin da ke cunkushe a ciki ba iskar da ke ratsa su. Haka wanda zai cire batirin ya jefa a but ko kujerar motar da aka rufe gilasanta a rana, inda zafi kan wuce digiri 50 cikin sauƙi. Sai kuma wanda zai dawo daga doguwar tafiya batirin yana ɗumi saboda aiki, ko hutawa bai bari ya yi ba ya jona masa caja, zafi a kan zafi. Minti 30 ko awa ɗaya a inuwa kafin caji ba abin da zai rage maka.

Na biyu shi ne cika, kuma a nan ne mutanen kirki masu son kayansu suke faɗawa. Mutum zai yi tafiya ta wata uku ko kuma ya san ba zai hau keken ba na wani lokaci, sai ya ce bari in cika shi taf in ajiye don kada ya lalace, wasu ma a jone suke barinsa. Wallahi wannan cutarwa ce ba gata ba. Ƙwayar da ke kan bolt 4.2 kamar roba ce da ka ja ta miƙe iya miƙewa sannan ka ɗaure ta a haka ka tafi, in ka dawo ba za ta koma yadda take ba. In kuma aka haɗa cikar da zafi to nan ne batiri yake yin tsufan shekara biyu ko fiye a shekara ɗaya. Shi ya sa manyan kamfanoni irin su Bosch suke ba da shawarar in za a ajiye batiri ya daɗe a bar shi tsakanin kashi 30 zuwa 60, a wuri busasshe mai sanyi sanyi. Kai ko jiragen sama, tun 2016 dokar sufurin sama ta duniya ta ce batiran litiyam da ake aikawa su kaɗai a matsayin kaya kada cajinsu ya wuce kashi 30, su don gudun gobara suka yi, amma dai yana nuna maka cewa batiri ya fi zama lafiya in ba a cike yake ba.

Kada kuma wani ya ji haka ya ce to bari in bar shi babu komai, wannan ma ya fi muni. A cikin akwatin akwai wani ɗan allo mai kula da ƙwayoyin da masu gyara suke kira BMS, shi ke yanke wuta in caji ya cika ko ya yi ƙasa da yawa, shi kansa yana ɗan tsotsar wuta ko keken a kashe yake, ga su ƙwayoyin ma suna ɗan zubar da wuta da kansu kowane wata. In ka ajiye batiri a kashi 5 ka manta da shi wata shida, zai gangara ƙasa da inda ya kamata ya tsaya, in ya yi ƙasa sosai jan ƙarfen da ke cikin ƙwayar yakan fara narkewa cikin ruwan sinadarin, ranar da ka jona caja sai ka ga ta ƙi ɗauka, kuma ƙin da ta yi kariya ce gare ka. A nan ne wasu suke zuwa a yi masa abin da suke kira tayar da shi da ƙarfi ta hanyar tsallake allon kariyar, ya tashi ɗin kuwa, amma batiri ne da ba za ka iya yarda da shi ba kuma, irinsu ne suke kamawa da wuta ana barci. Ni a ganina duk wanda ya ajiye batiri ya riƙa leƙa shi duk wata ɗaya ko biyu, in ya ga ya sauka ya ɗan ƙara masa zuwa rabi ya cire, in batirin mai cirewa ne ya cire shi daga jikin keken ma gaba ɗaya.

Na san daga inda ruɗanin yake fitowa kuma ban ga laifin mutane ba. Batiri mai ruwan asid irin na mota shi dokarsa akasin haka ce, shi a cike yake so a ajiye shi, in ka bar shi a sauke wani farin gishiri yake daskarewa a farantansa ya kashe shi, kuma har yanzu akwai kekuna da babura masu lantarki da ke amfani da irinsa, za ka gane su da nauyi. Sai kuma tsofaffin batiran nikel na da, waɗanda aka ce a bari su ƙare tas kafin a yi caji. Mutane sun ɗauko dokar wancan da ta wannan sun ɗora wa litiyam, alhali kowanne da halinsa. Don haka abu na farko ka san wane iri ne a kekenka, a rubuce yake a jikin akwatin ko a takardarsa. Ko a cikin litiyam ɗin ma akwai wanda ake rubuta wa LiFePO4, shi ƙwayarsa bolt 3.2 ce, ya fi nauyi amma ya fi juriya, yana iya yin zagaye 2000 ko fiye kuma cika ba ta cutar da shi kamar sauran, duk da haka shi ma ba ya son zafi.

Akwai wata alamar tsufa da take rikita mutane sosai wadda ba raguwar mazubi ba ce. Kana tafiya lafiya lau allon yana nuna layi uku cikin biyar, ka zo hawan tudu ka murɗa ko ka ƙara ƙarfin taimako, sai ka ga layukan sun zube zuwa ɗaya yana ƙyaftawa, injin ya ɗauke ɗif ka tsinci kanka kana taka feda da nauyin keken duka, ka sauka gefe ka tsaya ko minti biyu ba a yi ba ka kunna sai ga layi uku sun dawo kamar ba abin da ya faru. Mutum sai ya ce allon ne ya lalace ko waya ce ta saki. A'a, fatar nan da ta yi kauri ce take hana wutar fita da sauri, in aka nemi wuta mai yawa lokaci ɗaya ƙarfin bolt ɗin sai ya faɗi, allon kariya ya ga kamar batiri ya ƙare ya yanke. Wutar tana nan a ciki fitar ce ta yi wuya, shi ya sa tsohon batiri zai iya yi maka tafiya mai ɗan nisa a shimfiɗaɗɗiyar hanya a hankali amma ya kunyata ka a tudu ko in ka ɗauko kaya.

Wani abin kuma, ƙwayoyin ba tare suke tsufa ba, waɗanda ke tsakiyar akwatin sun fi shan zafi, kuma jerin da ya fi rauni shi ke yanke wa kowa hukunci, da ya ƙare an kashe wuta ko sauran suna da saura. Allunan kariya da yawa sai caji ya kusa cika suke daidaita jerin, saboda haka ban ce kada a taɓa cika batiri ba, a riƙa cika shi lokaci lokaci musamman in da safe za a hau, abin da nake hanawa shi ne a cika a ajiye. Wanda cajarsa ko kekensa ke da tsarin tsayawa a kashi 80 ya yi amfani da shi a ranakun da ba nisa zai yi ba.

Masu zama a wurare masu tsananin sanyi su kuma, sanyi yana rage nisa amma na ɗan lokaci ne, da batirin ya ji ɗumi zai dawo. Abin da ba a yi shi ne caji a ƙasa da digiri 0, wannan lahaninsa ba ya warkewa, a shigo da shi ɗaki ya huce sanyin tukuna.

Kafin dai mutum ya ɗora wa batiri laifi ya duba sauran abubuwa, don na ga inda aka yi ta zagin batiri ashe tayar ce ba iska, ko birki ne yake gogar ƙafa, ko sarƙa ta bushe ba mai. Gudu ma yana ci sosai, turjiyar iska in ka ninka gudu sau biyu ita sau huɗu take ninkuwa, mutumin da da yake tafiya a hankali yana taimakawa da feda yanzu ya saba ya koma murɗawa kawai dole nisan ya ragu. In kana so ka gane gaskiya ka cika taya, ka cika batiri, ka bi hanyar da ka saba da gudun da ka saba ka ga nawa ya sha, ka rubuta, bayan wata shida ka sake. Auna bolt da mita bayan caji ba ya nuna lafiyar batiri, in mai bolt 36 ne tsoho da sabo duk 42 za su nuna maka, mai gyaran da ya san aikinsa na'urar sauke wuta yake sa masa ya ga Ah nawa ya fito da gaske.

Wannan ya kawo ni kan masu sayarwa, kuma da su nake so jaridar nan ta yi magana da babbar murya. Keken da ya yi shekara biyu a sito mai zafi ba sabo ba ne ko da ledarsa ba a ɓare ba, fentinsa sabo ne tayarsa sabuwa ce amma batirinsa ya riga ya ci wani abu daga rayuwarsa, kuma batirin nan yana cikin abubuwan da suka fi tsada a jikin keken. Mai saye yana da haƙƙin ya san watan da shekarar da aka ƙera shi, ya san kuma ko ana ƙara masa wuta a lokacin da yake ajiye. Ba daidai ba ne a kunna wa mutum allo a ce ga shi nan ya cika, an san sarai cikar ba ta nuna komai. Haka mai sayar da na hannu da zai ce ai ban hau shi sosai ba a ajiye yake, wannan maganar ni ba ta kwantar min da hankali, tambayar da ya kamata a yi masa ita ce a ina aka ajiye shi kuma da caji nawa. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 wadda daga Fabrairun 2027 za ta wajabta wa batiran kekuna da baburan lantarki su zo da wata shaida ta intanet da za a duba a ga bayanansu, ka ga su sun gane cewa batiri ba abin da za a saya da ido ba ne. Ba sai an jira irin wannan ta iso ko'ina ba, mai sayarwa mai tsoron Allah yana iya rubuta kwanan ƙira a rasit tun yau, masu saye kuma in suka dage da tambaya dole a fara ba su amsa.

Sai magana ta ƙarshe wadda ta shafi rai ba nisan tafiya ba. Batirin da akwatinsa ya kumbura ko ya tsage, ko yake wari mai zaƙi zaƙi kamar sinadari, ko yake zafi fiye da kima lokacin caji, ko ya faɗi da ƙarfi ko ruwa ya shige shi, a daina amfani da shi a fitar da shi waje nesa da abin da zai kama wuta, kada a ce bari in ƙara lallaɓawa. A yi caji da cajarsa ta asali mai bolt ɗin da ya dace ba duk wadda bakinta ya shiga ba, kada a yi caji a kan katifa ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, kuma ya fi a yi lokacin da ake farke a gida. Wanda ya mutu kuma kada a jefa shi a shara ko a ƙona shi, a kai wa masu karɓar tsofaffin batira.

Edita ina fata za ku sa wakilanku su zagaya wurin masu gyara da masu sayarwa su yi musu waɗannan tambayoyi, musamman ta kwanan ƙira da yadda suke ajiye kayansu, su kawo mana amsar a jarida.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu a kullum